Kurakuran da sabon shiga ya fi yi wajen koyon asembili a kan Commodore 64

Masu koyon rubuta manhaja sun yi yawa a Jos, kuma a cikinsu akwai ɗaiɗaikun da Python da JavaScript ba su kashe musu ƙishi ba. So suke su ga abin da furosesa take yi da kanta, su yi mata magana da asembili, wato yaren da kowane layinsa ke ba ta umarni kai tsaye. Wurin da ya fi dacewa da wannan karatu shi ne tsohuwar kwamfutar gida ta shekarun 1980, kuma ba sai ka mallake ta ba: manhajar kwaikwayo za ta tayar maka da ita a cikin laftof ɗinka, ko da na hannu ne da ka saya a Terminus. Na zauna da masu koyo da dama, yawancinsu ɗaliban jami'a da ke Unguwar Rogo da Farin Gada, kuma wuraren da suke tuntuɓe kusan ɗaya ne.

Na farko shi ne rashin zama wuri guda. Yau ZX Spectrum, gobe Commodore 64, jibi Apple II. Spectrum tana da furosesar Z80, sauran biyun kuma 'yan gidan 6502 ne, kowace da tsarin ma'adanarta. Shawarata ita ce ka riƙe Commodore 64, wadda ta fito a 1982 da ma'adana mai kilobayit 64. Furosesarta 6510 ce, 'yar'uwar 6502 da kamfanin MOS Technology ya fitar a 1975. Umarninta 56 ne kacal, rajistocin aiki uku, wato ƙananan wuraren riƙe lamba a cikin furosesar: A, X da Y. Ka sauke VICE domin kwaikwayo, da ACME domin mayar da rubutunka lambobin inji. Dukansu kyauta ne, ba sa cin data mai yawa.

Sai alamar #, wadda ta fi kowace ɓata wa sabon shiga rai. LDA #$05 na nufin a sa lamba 5 a cikin A (alamar $ na nuna an rubuta lambar a tsarin ƙidaya na sha shida, wato hex). LDA $05 kuwa na nufin a je adireshi na 5 a ɗauko abin da ke ciki, ko mene ne shi. Duka biyun daidai ne a wurin ACME, don haka ba zai yi maka ƙorafi ba. Wani ƙanena ya taɓa juyo mini laftof ya ce, "Yaya, baƙi na ce masa, ga shi ya ba ni wani launi daban." Ya rubuta LDA $00 sannan STA $D020, wato a zuba abin da ke cikin A a adireshin launin gefen allo, inda sifili ke nufin baƙi. Abin da ya tura ba sifili ba ne, lambar da ke zaune a adireshi na sifili ce. Da ya saka # sai gefen ya koma baƙi.

Daga nan ne nake son a dakata, domin akwai kuskuren da ke ƙarƙashin sauran duka: zato. Shiri ya ƙi aiki, sai mutum ya canza layi, ya sake gwadawa, ya canza wani, har dare ya raba bai san me ya gyara ko me ya ɓata ba. Alhali VICE tana da monita a cikinta, wadda ke tsayar da kwamfutar cak ta nuna maka cikinta. Ka rubuta break c000 domin ta tsaya a farkon shirinka, idan a adireshin $C000 ka ɗora shi. Harafin z yana gudanar da umarni ɗaya tak. Harafin r yana nuna rajistoci da tutoci, wato alamomin da ke zama 0 ko 1 gwargwadon sakamakon aiki. Da m 0400 za ka ga abin da ke cikin ma'adana, da d c000 kuma za ka ga umarnin yadda inji ya karɓe su. Abin da nake sa kowa ya yi shi ne, kafin ya danna z ya faɗi da bakinsa abin da zai shiga A. Idan abin da ya fito ya saɓa, to nan matsalar take. A ganina wannan ne dalilin koyo a kan tsohuwar kwamfuta tun asali: ƙarama ce, babu abin da ke ɓuya a cikinta. Wanda bai buɗe monita ba ya bar rabin amfanin a ƙasa.

Monitar ce kuma za ta nuna maka tutar C. Ka tuna lissafin firamare, inda ake rubuta ɗaya a riƙe ɗaya. Rajista ba ta ɗaukar abin da ya wuce 255, saboda haka 200 da 100 suna ba da 44 a cikin A, ragowar kuma ta hau tutar C. Umarnin tarawa, ADC, kullum yana haɗawa da abin da ke kan tutar, ko da lissafin baya ne ya bar shi. Shi ya sa wani lokaci biyu da biyu ke ba da biyar. A sa CLC, mai sauke tutar, kafin tarawa, a sa SEC, mai ɗaga ta, kafin ɗebewa da SBC. Ba a sa su a tsakiyar lissafin lamba mai bayit biyu, domin a can ana buƙatar ragowar ta haura zuwa bayit na sama. Kuma a tuna, bayit na ƙasa ake fara ajiyewa: $0400 a ma'adana 00 ne sannan 04.

Wasu kuma shirin nasu lafiya lau yake, tayar da shi ne ya gagara. Idan ka ɗora shi a $C000, inda akwai kilobayit 4 da BASIC, yaren da kwamfutar ta zo da shi, ba ya taɓawa, RUN ba zai yi maka komai ba. SYS 49152 za ka rubuta, domin 49152 shi ne $C000 a ƙidayar yau da kullum. Wajen lodawa daga faifai kada ka manta ,8,1 a ƙarshen LOAD, in ba haka ba shirin zai sauka a $0801 maimakon inda ka nufa. Sannan ka rufe shirin da RTS, umarnin komawa inda aka kira shi. Furosesa ba ta san shirinka ya ƙare ba, za ta ci gaba da karanta duk abin da ta tarar a gaba a matsayin umarni. Sau da yawa sifili take cin karo da shi, wato BRK, sai kwamfutar ta share allo, ta maido da launukanta na asali, ta rubuta READY. Mai koyo ya ɗauka shirinsa bai yi komai ba, alhali ya yi, an goge ne cikin ƙiftawar ido.

Allon rubutu yana farawa daga $0400, layi 25, kowane da gurbi 40, jimilla 1000. X ba ta wuce 255, don haka zagaye ɗaya da STA $0400,X zai share kusan kwata ne kawai. A cikin zagayen a jera guda huɗu: $0400,X da $0500,X da $0600,X da $06E8,X. Haka kuma lambar harafi iri biyu ce. Idan ka tura 65 ta JSR $FFD2, wato ka kira shirin buga harafi da ke cikin kwamfutar, za ka ga A. Idan ka zuba 65 kai tsaye a $0400, zanen katin karta zai fito, domin a can lambar A ita ce 1.

Game da wuta, kowa ya san halin da ake ciki. Rubutunka na asembili shi ne dukiyar, ka riƙa adana shi bayan kowane gyara, ka kuma ajiye kwafin da ya yi aiki kafin ka taɓa shi.

Akwai kuma masu ɗaukar kowane adireshi a shafin sifili, daga $00 zuwa $FF, su mai da shi wurin ajiya. Mafi yawansa BASIC da KERNAL, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, suna amfani da shi. Ka tsaya a $FB zuwa $FE, da $02. Adireshi $01 kuwa shi ke zaɓar ko ROM ko RAM furosesa za ta gani, kuma rubutu a cikinsa da ka yana sandarar da kwamfutar.

Kuskuren ƙarshe shi ne farawa da rubuta babban wasan kwamfuta. Aikin da nake ba wanda ya wuce matakan nan shi ne ya sa Commodore 64 ta rubuta ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda babu su a cikinta. Kowane harafi ɗigo 8 ne sau 8, wato bayit 8, kuma a takarda mai gida-gida ake fara zana shi. Za ka tsayar da katsewa da SEI, wato ka hana kwamfutar katse shirinka domin nata ayyukan, ka sa $33 a $01 domin haruffan ROM su bayyana a $D000, ka kwafe su zuwa $3000, ka mayar da $37, sannan CLI. Daga nan ka zuba bayit ɗinka a gurbin wasu alamomi uku da ba ka buƙata, ka sa $1C a $D018 domin allo ya koma karanta haruffa daga $3000.