Yadda ake neman sabuwar jiha a Najeriya

Duk al'ummar da ke son yankinta ya zama jiha, to ta fara nazarin sashe na 8 na kundin tsarin mulkin 1999, domin takardar koken da tawagar dattawa ke kaiwa Abuja ba ta wadatar ba, komai yawan hatimin sarakunan da ke jikinta.

Doka ta tanadi cewa buƙatar ta isa Majalisar Tarayya da goyon bayan kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a kowane mataki, wato sanatoci da 'yan majalisar wakilai, da 'yan majalisar dokokin jiha, da kansiloli. A ganina nan ne gizo ke saƙa, kuma rigimar hedikwata ce kan ɓata lamarin. A gama wannan magana tun kafin a fara tattara sa hannu, saboda garin da ya hango za a gina gidan gwamnati a wani wuri, da wuya ya bar kansilolinsa su ɗauki alƙalami.

Daga nan sai ƙuri'ar raba gardama, inda ake buƙatar amincewar kashi biyu cikin uku na mutanen yankin. Sannan a nemi yardar mafi rinjayen jihohi, wato aƙalla 19 cikin 36, kafin sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360 su amince. Shawo kan jihohin yana buƙatar haƙuri, tunda kowace ta san ƙarin baki ne a kan akushin asusun tarayya. Shi ya sa tun bayan Yankin Tsakiyar Yamma da aka kafa a 1963, gwamnatin farar hula ba ta sake ƙirƙirar ko ɗaya ba. Katsina a 1987, Jigawa da Kebbi da Yobe a 1991, Zamfara da Gombe a 1996, dukkansu da dokar soja aka yanke su.

Jihar da ta samu za ta mallaki gwamna, da majalisar dokoki, da sanatoci uku, da aƙalla minista ɗaya, da kasonta na wata-wata. Sai dai albashi da fansho su ma sun hau wuyanta, ga rabon kadarori da uwar jiha, ga ma'aikata 'yan asalin yankin da za su dawo gida suna neman ofis da muhalli. Saboda haka masu fafutukar su tanadi lissafin kuɗin shigar da kasuwanninsu da gonakinsu za su iya samarwa, su haɗa shi da takardar buƙatar.