Yadda nake horar da sabon hannu a ɗakin gwajin DNA

Duk wanda aka turo mini, ɗalibin digiri na biyu ne ko ɗan bautar ƙasa, ranar farko idonsa yana kan na'urar da ke karanta haruffan DNA, don ita ya ji ana labari. Ni kuwa sai in miƙa masa fifet, wato abin ɗiban ruwa ƙanƙani da awo, da kofin ruwa, in nuna masa sikeli. Wasu ransu yakan ɓaci, suna ganin an raina karatunsu. Na rubuta wannan ne domin abokan aiki da aka damƙa wa irin waɗannan matasa. Sabon hannu ba makawa sai ya yi kuskure. Abin da ke hannunka shi ne ka zaɓa masa inda zai yi shi: a kan ruwa, a gabanka, tun kafin ya taɓa jinin mara lafiya ko sinadarin da aka sayo da dala.

Makon farko gaba ɗaya na fifet ne. Maikurolita ɗaya ta ruwa, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita, nauyinta kusan miligiram ɗaya ne, saboda haka idan ya ɗebi maikurolita 100 ya zuba a sikeli, ya kamata ya ga abin da bai yi nisa da miligiram 100 ba. Ya maimaita sau goma, ya rubuta kowace lamba. Kai kuma ka tsaya kusa kana kallon babban yatsansa. Maɓallin fifet yana da matsaya biyu: wajen ɗiba a ta farko ake tsayawa, ta biyu ta fitar da ragowar ɗigon ce wajen zubawa. Mafi yawansu suna dannawa har ƙasa kafin su ɗiba, sai su kwashi fiye da kima. Wasu kuma suna sakin maɓallin da sauri, ruwa ya yi tsalle ya shige cikin fifet ɗin. Ka gyara masa riƙo: fifet a tsaye, bakin ya nitse kaɗan kawai, a saki a hankali. Idan lambobinsa goma sun matso kusa da juna, sai ka sauko da shi zuwa maikurolita 10, daga baya 2, da ruwa mai launi don ya riƙa ganin ɗigon da idonsa. Gani ya kori ji. Wanda ya ga lambobinsa sun warwatse a takarda ba ya buƙatar a yi masa wa'azi.

A makon nan kuma nake ba shi littafin aiki. Biro, ba fensir ba. Kwanan wata a kowane shafi, lambar kwalbar sinadari, wanda ya haɗa shi, da duk abin da ya faru ba bisa tsari ba, har da ɗauke wuta da mintocin da aka yi kafin janareta ya tashi. A wurinmu wannan ba ƙaramin bayani ba ne, don sau da yawa a nan ake gano dalilin da ya sa aiki ya ƙi.

Daga nan sai fitar da DNA daga jini. Ya fara sanin kwalba: mai murfi shunayya tana ɗauke da EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, ita muke so. Mai koren murfi hefarin ne a ciki, shi kuwa yana hana PCR, wato aikin ninka DNA, tafiya. Ranar farko ni nake yi yana kallo, ta biyu mu yi tare kowa da bututunsa, ta uku ya yi ina zaune ban ce uffan ba sai in na ga haɗari. Yin shirun nan ya fi komai wuya ga malami. Akwai wurin da kusan kowa yake tuntuɓe: bayan wanki da itanol kashi 70 cikin ɗari, DNA takan kwanta a gindin bututu, 'yar fara-fara da ƙyar ake ganinta, sai a zubar da ita tare da ruwan wankin. Maganinsa shi ne ya riƙa sa bututu a na'urar juyi maɗaurin murfin yana kallon waje, ta haka ya san gefen da ta kwanta ko bai gan ta ba. Idan ya gama, ya auna a Nanodrop, na'urar da ke auna yawan DNA da tsabtarta da haske. Rabon awon haske biyu da take bayarwa, 260 da 280, na DNA mai tsabta yana kusa da 1.8. In ya faɗi ƙasa sosai, akwai ragowar furotin ko sinadarin aiki. Kada ka gaya masa dalili. Tambaye shi, ka ba shi har gobe.

PCR ce wurin da na fi daɗewa da su. Kary Mullis ne ya ƙirƙiro dabarar a 1983, kuma abin da take yi shi ne ninka guntun DNA a kowane zagaye: zafin kusan digiri 95 ya raba igiyoyin biyu, a sauko wajen 55 zuwa 60 firaima, wato gajerun guntayen DNA da ke nuna inda za a fara, su kama, a hau 72 enzayim ɗin Taq ya gina sabuwar igiya. Ina sa ɗalibi ya ɗauki biro ya ninka biyu sau 30 da kansa. Amsar ta haura biliyan ɗaya. Da ya ga wannan lambar, ya fahimci dalilin da ya sa ɗan burbushin da ya maƙale a safar hannu zai iya ɓata sakamako duka. Shi ya sa teburin haɗa sinadarai daban, teburin da ake buɗe abin da aka riga aka ninka daban, kuma tafiya ta gaba ce kawai, ba a dawowa da fifet ko riga. A goge teburi da ruwan bilic, a canja bakin fifet a kowace ɗiba, lokacin hunturu kuma a rufe tagogi saboda ƙura. Sannan kowane aiki dole a sa bututun shaida, wanda aka zuba masa komai amma ruwa zalla a madadin DNA.

A kan bututun shaidar nan na koyi abin da ya canja yadda nake horarwa. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini hoton jel, inda wutar lantarki ke jera guntayen DNA layi-layi, an yanke gefensa. Na tambayi layin shaida, ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ya fito." Wato gurɓata ta shiga, kuma mako biyu ke nan tana ganin haka tana ɓoyewa. Laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Kwanaki kafin nan na yi wa wani faɗa a gaban jama'a don ya bar enzayim a kan teburi ba ƙanƙara, ita kuwa tana wurin. Muka zubar da firaima da ruwan da ake amfani da su, muka sake samfura da yawa. Tun daga ranar na sa doka: wanda ya kawo kuskurensa da bakinsa, godiya zan yi masa a gaban kowa, gyara kuwa sai mun keɓe. Kowace Litinin muna zama rabin awa, kuma ni nake fara faɗin abin da ya ƙi mini a makon da ya wuce.

Aikin gwaji na farko da nake ba su na amosanin jini ne, don babu wanda bai san gidan da cutar ta taɓa ba. Asalinta harafi ɗaya ne a ƙwayar gadon HBB da ke kan kuromosom na 11: GAG ta koma GTG. Canjin nan yana goge wurin da enzayim ɗin DdeI yake yankawa. Saboda haka in ka ninka guntun ka zuba masa enzayim, na mai AA zai yanku a wurin, na mai SS ba zai yanku ba, na mai AS kuma ya nuna duka biyun a jel. Ina ba su samfuran da na riga na san amsarsu, da lamba kawai babu suna, waɗanda masu su suka yarda kuma kwamitin ɗa'a ya amince. Wani zai ce yana so ya gwada jininsa ko na wadda zai aura. Ka hana, ka tura shi asibiti inda akwai mai ba da shawara. Abu ɗaya game da jel: DNA tana tafiya zuwa ga jar waya. Kusan kowa sai ya juya wayoyin sau ɗaya, samfurinsa ya fice ta baya.

Sai bayan wata biyu ko uku nake kai mutum gaban na'urar karatu. In MinION ce ta Oxford Nanopore, ya fara atisaye da tsohon farantin zuba samfur da aka gama da shi, domin kumfar iska ɗaya in ta shiga tana kashe ramukan da ke karatun, farantin kuma mai tsada ne, daga waje ake kawo shi cikin sanyi. A nan awon na'urar Qubit muke dogara da shi wajen sanin yawan DNA, don Nanodrop takan ƙirga har da RNA ta ba ka adadin da ya wuce gaskiya. Kuma kada ka bar shi ya miƙa sakamako ga mai kwamfuta ya juya baya. Ya buɗe fayil ɗinsa, ya san cewa Q30 na nufin kuskure ɗaya cikin haruffa 1,000, ya sa jerin a BLAST, manhajar kwatanta jerin DNA, ya ga abin da ya yi kama da shi.

Sauran renon a wajen teburi yake. Ka san ko yana da kuɗin mota, ka tsara wa mai goyo aikin da zai ƙare kafin la'asar, ka faɗa tun farko wanda sunansa zai shiga takarda da dalili. In damar horo ta fito, ka rubuta masa wasiƙa da wuri. Ina yawan ba su labarin cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, inda a Maris 2020 aka fitar da jerin haruffan ƙwayar cutar korona na farko a Afirka, don su san aikin da suke koya ana yin sa a ƙasarsu.

Jarrabawar da nake yi musu ta ƙarshe ba ta takarda ba ce. Idan sabon ɗalibi ya iso, tsohon nake miƙa wa fifet da kofin ruwa in ce, "Ga ƙaninka nan." Ni kuma in ja kujera gefe da littafina, ina sauraren yadda zai bayyana masa matsaya ta farko da ta biyu.