Kurakuran da sababbin mambobin kwamitin ƙaramar hukuma suke maimaitawa

Duk sa'ad da ƙaramar hukuma ta naɗa sabon kwamiti, na filaye ne ko na tsabtar muhalli ko na makarantu, sai sababbin mambobi su yi kurakuran da na gabansu suka yi, ɗaya bayan ɗaya. Na gaji da gani.

Mafi muni shi ne fara aiki ba a san hurumin kwamiti ba. Mutum ya karɓi takardar naɗi, ya duba sunansa, ya ninke ya ajiye. Alhali kwamitin da aka naɗa ba shi da ikon kansa, aro aka ba shi daga majalisar da ta kafa shi. Akwai kwamitin da aikinsa ba da shawara ne kawai, akwai wanda aka damƙa wa yanke hukunci a kan wasu abubuwa da aka lissafa. Na zauna a wani kwamiti da aka ce ya duba buƙatun ƙungiyoyin da ke neman tallafi. Shugabanmu ya ɗauka mu ne masu rabawa. Aka tantance, aka fitar da sunaye, har aka sanar da waɗanda suka dace. Da rahoton ya isa majalisa sai aka ce shawara aka nema a wurinmu, aka sake jerin gaba ɗaya. Mutanen da aka yi wa albishir ba majalisa suka riƙe ba, mu suka riƙe, kuma har yau akwai masu ganin yaudararsu muka yi. Zubewar mutunci irin wannan ba alawus ɗin zaman da zai biya ta.

Tun daga nan ba na yarda a taɓa wani batu a zaman farko sai an karanta takardar da ta kafa kwamitin a bainar kowa. Wa muke kai wa rahoto? Shawara ce ko hukunci? Muna da ikon kashe kuɗi? Yaushe wa'adinmu zai ƙare? In takardar ta yi shiru, a rubuta wa majalisa a nemi amsa a rubuce. Wasu na cewa taurin kai ne. Su faɗa. Tun ran gini tun ran zane.

Na biyu shi ne wasa da adadin da dole ya halarta kafin zama ya halatta. Wasu ƙa'idoji suna cewa fiye da rabi, wato a kwamiti mai mutum 9 sai an samu 5. Sai mutum 4 su zo, shugaba ya buga wa na biyar waya ya ce "mun sa sunanka." Haba! In ƙa'idarku ba ta amince da halarta ta waya ba, wannan zaman banza ne, kuma duk wanda hukuncin bai yi wa daɗi ba zai iya rusa shi da wannan hujja kaɗai. Abin da aka fi mantawa kuma, adadin ba na buɗe taro ne kawai ba. Aka fara da 5, ɗaya ya nemi izini ya tafi, ƙuri'ar da aka kaɗa bayan fitarsa ba ta da ƙafar tsayawa. Ni ina sa sakatare ya ƙirga kafin kowace ƙuri'a ya rubuta adadin. A kuma fayyace tun farko ko da kujerun da ba kowa ake lissafi, domin wannan gardama ba ta tashi sai ran da aka ɓata.

Na uku shi ne zama a kan batun da kake da alaƙa da shi. In ƙaninka ne ke neman kwangilar da ake tattaunawa, me kake yi a ɗakin? Faɗi alaƙarka, a rubuta, ka fita har a gama. Zama ka yi shiru bai wadatar ba, ganinka ma yana ɗaure bakin wasu.

Sai sauran abubuwan da ya kamata a tsara tun farko. Kada wa'adin dukan mambobi ya ƙare rana ɗaya. A rarraba, don a samu wanda ya san inda aka kwana. A rubuta yawan zaman da mutum zai ƙaurace wa ba uzuri kafin kujerarsa ta tafi, ni 3 a jere nake so. Ajanda ta isa hannu kafin ranar taro. A san ko jami'in da ke zaune saboda muƙaminsa yana da ƙuri'a, da abin da za a yi in an yi kunnen doki. Sakatare kuma ya rubuta abin da aka yanke, da wanda zai aiwatar, da ranar da zai kawo bayani, a karanta a zama na gaba shugaba ya sa hannu.