Yadda Ake Neman Gurbin Digiri na Biyu a Birtaniya Daga Najeriya

Yawancin jami'o'in Birtaniya suna buɗe sabuwar shekarar karatu ne a ƙarshen watan Satumba ko farkon Oktoba, kuma digiri na biyu a can shekara ɗaya ake yin sa, saɓanin Amurka da Jamus inda yakan kai shekara biyu. Duk wanda yake son ya zauna a aji a Satumbar baɗi, to, ya kamata ya fara shiri tun daga Satumbar bana. Samun gurbin shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin gaba ɗaya, domin jami'o'in suna buƙatar kuɗin da ɗaliban ƙasashen waje ke biya, kuma ba su cika juya wa mai sakamako mai kyau baya ba. Abin da yake kayar da mutane shi ne kuɗi da takardu, waɗanda dukansu lokaci suke ci, saboda haka da su ya dace a fara, tun kafin a shiga duba hotunan gine-ginen makarantu a intanet.

Tambayar farko ita ce wa zai biya. Kuɗin makaranta na shekarar kaɗai ba kasafai yake yin ƙasa da fam 12,000 ba, a manyan jami'o'i kuwa yakan haura fam 30,000. Bayan wannan, gwamnatin Birtaniya tana so mai neman biza ya nuna yana da abin da zai ci da kansa na wata tara. A watan Janairun 2025 an ƙayyade fam 1,483 a kowane wata ga mai karatu a Landan, da fam 1,136 ga mai karatu a wajenta, wato fam 13,347 ko fam 10,224 ke nan in an haɗa, kuma ana ƙara adadin lokaci zuwa lokaci, don haka a duba shafin gwamnatin Birtaniya na gov.uk a ranar da za a yi lissafi. Kuɗin bizar kansa ya koma fam 524 a watan Afrilun 2025. Akwai kuma harajin kula da lafiya na fam 776 a shekara, wanda mai digiri na biyu yakan biya na shekara ɗaya da rabi, wato fam 1,164, saboda bizar tana ɗan zarce tsawon kwas ɗin. Ba a sa kuɗin jirgi da kafin alƙalamin haya da tufafin sanyi a ciki ba.

Dole ne a yi wannan lissafi da fam, a kuma bar rara mai kauri saboda canji. Bayan da Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira a watan Yunin 2023, iyalai da dama da suka tanadi kuɗin shekara guda sun wayi gari abin da ke hannunsu bai kai rabin abin da ake bin su ba. A shekarar 2024 Jami'ar Teesside ta dakatar da wasu ɗaliban Najeriya da suka kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci, ta sanar da hukumar shige da fice, har aka umarci wasunsu su bar ƙasar. Wanda yake tunanin zai je ya yi aiki ya biya makaranta daga albashinsa ya sake tunani: doka ta ba ɗalibi damar aikin awa 20 kacal a mako lokacin da ake karatu, kuma abin da za a samu a ciki da kyar yake ɗauke haya da abinci.

Wanda ba shi da wannan ƙarfi sai ya nemi tallafin karatu, kuma nan ne fara shiri da wuri ya fi amfani, don wa'adin tallafi yakan rufe tun kafin na jami'o'i. Shirin Chevening, wanda ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ke ɗaukar nauyinsa tun 1983, yana biyan kuɗin makaranta da na jirgi da na zama. Ana buɗe shi a watan Agusta, a rufe a Oktoba ko farkon Nuwamba. Yana buƙatar gogewar aiki ta shekara biyu, wadda suke ƙirgawa awa 2,800, da zaɓen kwasa-kwasai uku, da alkawarin komawa gida na aƙalla shekara biyu bayan an kammala. Rubuce-rubuce huɗu ake yi a cikin takardar neman, a kan jagoranci, da ƙulla hulɗa da mutane, da dalilin zaɓen karatun, da abin da mutum ke shirin yi in ya dawo, kuma masu tantancewa sun fi son misalin abin da mai nema ya taɓa yi da hannunsa a kan dogon yabon kai. Akwai tallafin Commonwealth, wanda wani ɓangarensa ake nema ta hannun hukumar bayar da tallafin karatu ta tarayya, wani kuma ta hannun jami'o'in da ke cikin shirin. Masu fannin injiniya da kimiyyar ƙasa da sauran abin da ya shafi man fetur su riƙa bibiyar sanarwar PTDF, wato asusun gwamnatin tarayya na bunƙasa fasahar man fetur. Jami'o'i da kansu suna yin rangwamen fam dubu biyu zuwa biyar ga ɗaliban waje, abin da yake rage nauyi amma ba ya ɗauke shi, kuma bai kamata a ɗauke shi a matsayin cikakken tallafi ba ko da an kira shi da wannan suna a cikin talla.

Sai takardu, kuma a nan ne ya kamata mutumin Arewa ya fi natsuwa. A ɗauko fasfo da katin NIN da sakamakon WAEC ko NECO da shaidar digiri da ta hidimar ƙasa, a shimfiɗa su wuri ɗaya, a karanta suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi. Abu ne da aka saba gani a tarar mutum Muhammad ne a takarda ɗaya, Mohammed a wata, ko kuma ya yi sakandare da sunan mahaifinsa, ya shiga jami'a da sunan garinsu, sannan wanda ya cike masa fom ɗin jarrabawa ya ƙirƙira masa ranar haihuwa ta 1 ga Janairu. A gida ana kau da kai daga irin wannan, amma ma'aikacin da ke duba takardu a Ingila zai ɗauka mutum biyu ne. Abin da ke cikin fasfo shi ne abin dogaro. In akwai saɓani, a je kotu a yi takardar rantsuwa, a buga sanarwa a jarida in canjin suna ne, a haɗa su da sauran takardun tun ranar farko, kada a jira sai an tambaya. Matan da suka koma amfani da sunan miji bayan aure su ma wannan ya shafe su.

Takardar cikakken sakamako, wadda take nuna makin kowane darasi tun daga ajin farko na jami'a, ita ce ta fi ɓata lokaci. A wasu jami'o'inmu takan ɗauki watanni kafin ta fito, musamman ga wanda ya daɗe da gamawa, saboda haka a biya kuɗinta a fara bibiya tun kafin a san jami'ar da za a aika wa. Manyan jami'o'in Birtaniya suna neman digiri mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, amma da yawa suna karɓar ta biyu ƙarama, musamman in akwai gogewar aiki. Mai HND ya rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ya tambaya kafin ya kashe kuɗi, domin wasu suna karɓa kai tsaye, wasu kuwa sai an yi musu kwas na share fage.

Batun Ingilishi ya danganta da jami'a. Da yawa suna amincewa da C6 ko sama da haka a Ingilishin WAEC, wasu da sharaɗin kada sakamakon ya tsufa. Inda ba a amince ba sai a zauna jarrabawar IELTS, mai sassa huɗu na saurare da karatu da rubutu da magana. Mafi girman maki shi ne 9, kuma abin da aka fi nema shi ne 6.5 a jimlace ba tare da wani sashe ya gaza 6.0 ba. Shekara biyu sakamakon yake aiki. Wasu ɗalibanmu sukan sha wahala a saurare da rubutu, ba don rashin sanin harshen ba, sai don rashin sabo da lafazin Turawa da ƙurewar lokaci, kuma atisaye da agogo a gefe na mako shida ko takwas yakan magance wannan.

Digiri na biyu kai tsaye ake neman sa a shafin kowace jami'a, ba kamar digirin farko ba da ake bi ta UCAS, cibiyar bai-ɗaya ta neman gurbin jami'o'in Birtaniya. Kafin a cike fom, a tabbatar jami'ar tana cikin jerin makarantun da gwamnati ta ba lasisin ɗaukar ɗaliban waje, wanda yake a shafin gov.uk. A nemi huɗu ko biyar, a cakuɗa masu wuyar shiga da masu sauƙi, a kuma dubi garin da kyau, domin haya a Landan ta ninka ta garuruwa irin su Bradford ko Hull, kuma garuruwa kamar Birmingham da Leicester suna da masallatai da mahautan halal a kusa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a buɗe jerin darussan kwas ɗin a karanta, saboda kwas biyu masu suna ɗaya a jami'o'i biyu sukan sha bamban ƙwarai.

Wannan karatun shi ne zai ciyar da wasiƙar bayanin kai, wadda ba ta cika wuce shafi ɗaya ko biyu ba. A faɗi abin da aka karanta, da aikin da aka yi, da matsalar da aka ci karo da ita a wurin aikin wadda ilimin da ake da shi bai isa warware ta ba, sannan a ambaci darussa biyu ko uku na kwas ɗin da sunansu a nuna yadda za su cike giɓin. Injiniyan da ya yi aikin rijiyoyin burtsatse a Jigawa, ya ga yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ja da baya, yana da abin faɗa wanda ya fi kowace wasiƙa da aka kwafo daga intanet. Ana kuma buƙatar mutum biyu su yi wa mai nema shaida, aƙalla ɗaya malaminsa na jami'a, kuma galibi jami'ar ce take aika musu saƙo ta imel ɗinsu na aiki. Ladabi shi ne a je a gaishe da malam, a nemi izininsa, a ba shi taƙaitaccen tarihin aiki, sannan a riƙa tuna masa cikin girmamawa, don takardu da yawa sun maƙale ne saboda saƙon yana kwance ba a buɗe ba.

Game da dillalan karatu, akwai na kirki, kuma jami'o'in ne suke biyan su lada, don haka wanda ya nemi maƙudan kuɗi a hannun ɗalibi abin tuhuma ne. Kada a miƙa wa kowa kalmar sirrin imel, kada kuma a yarda a haɗa wa mutum takardar banki ko shaidar aiki ta bogi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma hukuncin yaudara a neman biza yakan kai haramcin shiga ƙasar na shekara 10, ko da dillalin ne ya shirya takardar.

Amsar jami'a takan zo da sharaɗi, misali a kawo asalin sakamako ko shaidar Ingilishi. In an cika sharuɗɗan sai a ba da gurbi tabbatacce, a nemi kafin alƙalami daga cikin kuɗin makaranta, wanda ya kamata a karanta ƙa'idar mayar da shi in biza ba ta fito ba kafin a biya. Jami'o'i da dama suna yin hira ta bidiyo don su tabbatar mai nema ya san abin da zai karanta da wanda zai biya masa. Daga nan sai su fitar da lambar CAS, wato shaidar cewa jami'ar ta karɓi ɗalibin, wadda ba a neman biza sai da ita, kuma wata shida take aiki. Masu wasu fannonin kimiyya da injiniya suna buƙatar ƙarin izini mai suna ATAS, wanda yakan ɗauki makonni, saboda haka a neme shi da zarar wasiƙar gurbi ta ambace shi.

Ƙa'idar banki ce ta fi jawo a hana mutane biza. Ragowar kuɗin makaranta da kuɗin zaman wata tara dole su kwana 28 a jere a cikin asusu ba tare da sun ragu ko na yini ɗaya ba, kuma ranar ƙarshe da ke kan bayanin asusun kada ta wuce kwana 31 kafin ranar neman bizar. Asusun kuma na ɗalibin ne ko na mahaifansa ko na wanda doka ta ba riƙonsa. A wurinmu sau da yawa kawu ko yaya ko maigida ne yake ɗaukar nauyin karatu, amma asusunsu ba ya karɓuwa, sai dai su zuba kuɗin a na ɗalibin tun da wuri. In na mahaifa ne za a yi amfani da shi, a haɗa da takardar haihuwa da wasiƙar amincewarsa. Da farashin canji na ranar nema ake auna nairar, don haka a sa fiye da abin da ake buƙata.

Dole ne kuma a yi gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, wanda hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ke gudanarwa a Abuja da Legas, kuma takardar wata shida take aiki. Ana cike fom ɗin biza a intanet, ana iya yi tun saura wata shida a fara karatu, sannan a je cibiyar karɓar takardu a ɗauki hoto da zanen yatsu. Amsa takan fito cikin mako uku, amma a watannin Yuli da Agusta cunkoso yana yawa, kuma bai dace a sayi tikitin jirgi ba sai biza ta fito.

Magidanta su san cewa tun daga 1 ga Janairun 2024 mai digiri na biyu na darussan aji ba ya iya tafiya da mata ko miji da 'ya'ya a kan bizarsa. An keɓe masu digirin digirgir da masu digirin bincike zalla da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Wanda zai bar iyali a gida ya sa cefanensu da kuɗin makarantar yara na shekara guda a cikin lissafin farko, ya kuma zauna da su a yi maganar tun kafin ya biya kafin alƙalami.