Yadda za ka karanta hasashen yanayin teku a wayarka

Tun da yaranmu na Jos suka fara samun aikin ruwa, wasu a sojan ruwa wasu kan jiragen da ke kai kaya wurin haƙar mai can gaban Bonny da Escravos, tambayar da ake yawan yi ita ce wai ta yaya mutum zai san yadda teku zai wayi gari gobe. Mu dai 'yan kan dutse ne, babban ruwan da yawancinmu muka sani shi ne dam ɗin Lamingo, to sai mu fara daga tushe. Wayar hannunka ta isa, in dai ka san abin da kake kallo.

Launukan nan masu kyau da kake gani suna yawo a manhaja lissafi ne zalla, babu wanda ya ɗauko hoton gobe. Yadda ake yi, ana yanka duniya gaba ɗaya gida-gida, sararin sama ma a yanka shi hawa-hawa sama da 100, kowane gida a ba shi lambobinsa na zafi da laima da matsin iska da inda iskar ta dosa, sai a bar kwamfuta ta lissafa yadda kowane gida zai taɓa maƙwabcinsa bayan 'yan mintuna, ta sake, ta kuma sakewa, har ta kai kwana goma ko fiye. Wannan tsarin lissafin shi ake ce wa model. Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya taɓa gwadawa da biro da takarda, hasashen awa 6 kacal ya ci masa makonni kuma amsar ta fito a karkace, a 1922 ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi ba dare ba rana kafin a iya riga yanayi isa. Sai a 1950 aka yi na farko da kwamfutar ENIAC a Amurka, shi ma hasashen awa 24 ya ɗauki kusan awa 24 kafin ya fito. Yanzu manyan kwamfutoci ne da ke cika ɗaki guda suke aikin, ta cibiyar Turai ECMWF tana Bologna a Italiya ko da yake hedikwatarsu na Reading a Ingila.

Sojojin ruwa kuwa ba su ɗauki abin da wasa ba saboda sun ji a jikinsu. A Disambar 1944 guguwar da ake kira Cobra ta rutsa da rundunar Amurka a gabashin Filifin, jiragen yaƙi uku suka nutse, mutum 790 suka mutu, babu harsashi ko ɗaya. Yau sojojin ruwan Amurka suna da cibiyarsu ta kansu, FNMOC, a garin Monterey na jihar Kalifoniya, model ɗinsu na iska NAVGEM tun 2013, sannan ga WAVEWATCH III na igiyar ruwa da HYCOM na gudun ruwa da zafinsa da gishirinsa. Za ka ce ina ruwan soja da gishirin teku, to ai zafi da gishiri su ke canza yadda sauti ke tafiya a ƙarƙashin ruwa, mai farautar jirgin ƙarƙashin teku kuma da kunne yake aiki.

To mu zo kan wayarka. Sauke manhaja irin Windy, kyauta ce a matakin da kake buƙata. Abu na farko kada ka rubuta sunan gari ka tsaya nan, in ka sa Fatakwal yanayin cikin gari za ta ba ka, alhali jirginku na iya kasancewa kilomita 80 cikin ruwa. Ja taswirar da yatsa, ka danna daidai inda za ku yi aiki, in kana da lambobin wurin ma ya fi.

Daga nan duba ƙasan allo ka ga wane model ne ke magana. Za ka ga ECMWF na Turai, GFS na hukumar NOAA ta Amurka, da ICON na Jamus. Gidan ECMWF wajen kilomita 9 ne, na GFS wajen 13, wato kusan daga Taminus zuwa Bukuru, kuma duk ɗan Jos ya san a kan tafka ruwa a Bukuru Taminus na bushe ƙayau, to shi model duk wannan tazarar lamba ɗaya yake ba ta. Riƙe wannan, za mu dawo kansa wajen maganar hadari. Abin da za ka yi shi ne ka buɗe biyu ka kwatanta, in ECMWF da GFS sun yi baki ɗaya kan jibi to kana iya sakin jiki kaɗan, in kuwa wannan ya ce lafiya lau wancan ya ce iska za ta tashi, kada ka zaɓi wanda ya yi maka daɗi, ka ɗauki mai munin ka shirya a kansa.

Sai lokacin da aka yi lissafin, wannan mutane da yawa ba sa dubawa. GFS sau huɗu ake kunna shi a rana, 00 da 06 da 12 da 18 agogon UTC, za ka ga an liƙa musu harafin Z. Najeriya na gaba da awa ɗaya, ke nan 00Z ƙarfe 1 na dare ne a wurinmu, 06Z bakwai na safe, 12Z ɗayan rana, 18Z bakwai na yamma, kuma sai an yi 'yan sa'o'i kafin sakamakon ya iso wayarka. Kafin kowane zagaye sai an zuba wa kwamfuta sabon awo: na tauraron ɗan adam, na jiragen sama da na ruwa, na balan-balan da ake saki sama, na tulunan awo na PIRATA da ke ɗaure a tsakiyar Atlantika, da na'urorin Argo wajen 4,000 da ke nutsewa har mita 2,000 su taso duk kwana 10 su aiko da zafi da gishirin ruwa. Saboda haka hoton allo da wani ya turo maka a WhatsApp shekaranjiya ya riga ya tsufa, buɗe sabo.

Iska a teku da kt ake rubuta ta, kt ɗaya kilomita 1.852 ne a awa, in kana sauri ka ninka biyu ka rage kaɗan. Ƙasa da 10 babu damuwa, daga 17 zuwa 21 za ka fara ganin farin kumfa ko'ina, 22 zuwa 27 ƙaramin jirgi ya fara shan wahala, daga 34 kuwa an shiga abin da ake fitar wa gargaɗi. Amma layin da ke ƙasa, wanda aka rubuta Gusts, shi ne bugun iska na farat ɗaya, kuma shi ke fizge kaya daga ƙugiyar kuran, wato injin ɗaga kaya, ko ya kifar da kwale-kwale, don haka idonka ya fi zama a kansa.

Igiyar ruwa ita ce inda aka fi tafka kuskure, bari in ɗan daɗe a nan. Lambar da ka gani, a ce mita 1.5, ba ita ce igiya mafi tsawo ba. Ana ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na igiyoyin, waɗanda suka fi tsawo, a fitar da matsakaicinsu, dabara ce da Harald Sverdrup da Walter Munk suka kawo lokacin yaƙin duniya na biyu don a san ranar da za a iya sauke sojoji a gaɓa. Ma'ana in an rubuta 1.5, cikin 'yan sa'o'i wata na iya zuwa ta kusa mita 3, kuma ba ta sallama. Kusa da tsawon akwai wata lamba mai harafin s, daƙiƙu nawa ne tsakanin igiya da mai bin ta, wallahi wannan lambar ta fi ta farkon muhimmanci a wurare da yawa. Igiya mai daƙiƙa 6 gajeriya ce, tsakanin kanta da kan ta gaba wajen mita 56, iskar wurin ce ta tayar da ita, tana jijjiga jirgi tana sa amai. Mai daƙiƙa 14 kuwa tsayinta a kwance ya wuce mita 300, a tsakiyar ruwa ba za ka ma ji ta sosai ba, jirgi ya hau a hankali ya sauka a hankali, amma da ta iso wuri mara zurfi kamar bakin kogi ko mashigar tashar Legas sai ta miƙe tsaye ta fashe da ƙarfin da ba ka zata ba.

Irin wannan doguwar ita manhaja ke kira Swell, kuma daga nesa take zuwa. Guguwa ta taso can kudancin Atlantika, dubban kilomita daga gare mu, igiyarta ta kamo hanya tana cin kusan kilomita 950 a rana, bayan kwana huɗu ko biyar ta sauka a gaɓar Najeriya ranar da babu ko iskar da za ta kaɗa tuta. Ta fi yawa daga Mayu zuwa Satumba, lokacin da kudancin duniya ke cikin sanyinsu. Wani ƙanin matata da ke kan jirgin kai kaya ya taɓa turo min hoton allo da dare yana murna, "Yaya, gobe iska 8 kawai, za mu sauke kaya mu wuce." Na ce masa ɗan ja ƙasa ka karanta min layin Swell, ya ce mita 1.8, daƙiƙa 15, daga kudu maso yamma. Washegari haka suka wuni a gefen dandamalin mai suna hawa suna sauka, mai kuran ya ƙi ɗaga ko kwantena ɗaya. Labari mai daɗi dai shi ne wannan igiyar ita ce model ya fi iya hangowa, tunda ta yi kwanaki a hanya ana bin sawunta.

Abin da model ya fi rauni a kai a yankinmu shi ne hadari. A farkon damina da ƙarshenta, wajen Maris zuwa Mayu sannan Oktoba da Nuwamba, hadari kan jeru a layi ya taso daga gabas ya nufi yamma da gudun da ya kai kilomita 50 a awa, iska ta tashi daga 5 zuwa sama da 30 cikin 'yan mintuna. Tsaunukan Kamaru na haifar da shi, namu dutsen na Filato ma sananne ne wajen tayar da irinsa da rana tsaka. Hadari ɗaya na iya zama bai kai faɗin gidan model ba, sai kwamfuta ta ce maka za a iya samun ruwa a yankin amma ba za ta iya rantsewa kan awa ko wurin ba. A nan sai ka bar hasashe ka koma wurin da aka rubuta Satellite, hoton gaske ne na tauraron Meteosat da ke sabuntawa duk minti 10 zuwa 15. Kunna shi ya yi motsi, ka duba gabas da ku, in ka ga farin dunƙule mai haske yana kumbura yana matsowa, auna nisansa ka raba da 50, ka samu awannin da suka rage muku ku ɗaure kaya.

Da hunturu kuma matsalar gani ce. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi tana wuce mu ta sauka har teku daga Disamba zuwa Fabrairu, ruwa kwance lafiya amma ba ka ganin jirgin da ke gabanka. Duba layin Visibility da na ƙura.

Wani ɗan abu don kada ka rikice: in wayarka na da ma'aunin matsin iska, a Jos za ta nuna maka wajen 880 saboda muna sama da mita 1,200, taswira kuwa za ta ce 1012 ko makamancin haka don ita an mayar da komai daidai da bakin teku. Wayar ba ta lalace ba.

Batun kwana nawa za ka yarda da shi, ni a ganina kwana uku na farko ka yi shiri da su, huɗu zuwa bakwai ka ɗauke su a matsayin alama, abin da ya wuce nan GFS zai zana maka har kwana 16 amma kada ka yanke wata shawara a kai. Dalili kuwa ɗan kuskuren awo na yau yana girma kullum, Edward Lorenz ya nuna haka tun 1963, shi ya sa ECMWF ke kunna model ɗinsu sau 51 a tare, kowanne an ɗan taɓa lambobin farkonsa, in duka suka tafi hanya ɗaya to akwai tabbaci, in suka watse to kwamfutar ce da kanta ke ce maka ban sani ba.

Duk wannan don idonka ya buɗe ne, ba don ka yi jayayya da kyaftin ba. Hasashen hukuma na ruwanmu yana fitowa daga NiMet da ke Abuja, gargaɗin manyan jiragen ruwa na yankin da muke ciki, METAREA II, Faransa ce ke kula da shi kuma yana shigowa jirgi kai tsaye ta na'urorin ɗakin tuƙi, in abin da suka ce ya saɓa da na wayarka nasu ake bi. Sannan da kun yi nisa da gaɓa sabis zai ɗauke, don haka tun kuna tasha ka sauke fayil ɗin GRIB, shi ne lambobin model ɗin tsurarsu kuma ba ya cin data sosai in ka zaɓi ɗan yankin da za ku kawai. Ka sa iska da bugunta da igiya da Swell na kwana biyar, ka buɗe shi da manhaja irin PredictWind Offshore ko XyGrib a kwamfuta, kuma ka rubuta ranar da zagayen da aka yi shi a jikin sunan fayil ɗin.