Yadda Sinawa ke lissafa BaZi, da yadda za ka fitar da naka da biro da takarda

Farkon jin kalmar nan BaZi da na yi a Guangzhou ne, muna zaune a shagon wata mata da nake sarin takalma a wajenta, ana ta zuba mana shayi a ƴan mitsi-mitsin kofunan nan nasu da kurɓa ɗaya ya ƙare, kawai sai ta ce wai wace shekara aka haife ni, na faɗa mata, ta ce wane wata, wace rana, ƙarfe nawa. Na ce baiwar Allah takalmi na zo saya ko fasfo za ki yi min? Ta yi dariya ta danna waya, ta nuna min wasu haruffa guda takwas, huɗu a sama huɗu a ƙasa, ta ce ai ga ni nan gaba ɗayana.

Bari in faɗa tun yanzu kar wani ya ce na koma boka. Gaibu na Allah ne, kuma kowa ya san hadisin nan da ya ce wanda ya je wajen mai duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Abin da zan nuna lissafin kalanda ne, domin mai hulɗa da Sinawa ya gane abin da suke nufi in suna maganar nan, don wallahi suna yinta sosai, a aure, a sa wa yaro suna, har ranar buɗe shago. Rabin farko na abin lissafi ne tsagwaronsa da ɗan firamare zai iya, rabi na biyu kuma nan ne mai duba yake fara zuba.

BaZi ma'anarsa haruffa takwas. Ana kuma ce masa ginshiƙai huɗu: na shekara, na wata, na rana, na sa'a, kowane ginshiƙi harafi biyu ne, na sama da na ƙasa. Wani mutum Li Xuzhong na zamanin daular Tang shi ake dangantawa da tsara duba da ranar haihuwa, daga baya Xu Ziping ya zo ya gyara tsarin ya mayar da hankali kan ginshiƙin rana, shi ya sa har yau wasu ke ce masa hanyar Ziping.

Haruffan sama goma ne, kuma kowane biyu suna ƙarƙashin ɗaya daga sinadarai biyar ɗin nan nasu. Jia da Yi itace, Bing da Ding wuta, Wu da Ji ƙasa, Geng da Xin ƙarfe, Ren da Gui ruwa. Na farko a kowane biyu shi ne yang, kamar namijin, na biyun yin, kamar macen. Haruffan ƙasa kuma goma sha biyu ne, su ne dabbobin nan da kowa ya sani: Zi ɓera, Chou sa, Yin damisa, Mao zomo, Chen dodon nan nasu dragon, Si maciji, Wu doki, Wei akuya, Shen biri, You zakara, Xu kare, Hai alade. Ka lura Wu biyu ne, akwai na sinadarin ƙasa a jerin sama, akwai na doki a jerin dabbobi, a rubutunsu daban-daban ne amma da boko duk Wu ne, ni ma ya rikita ni da farko. In ka jera goman nan da sha biyun nan suna tafiya tare sai an yi zagaye 60 kafin a dawo farko, 1984 ce Jia Zi, wato farkon zagayen, ta baya-bayan nan, sai 2044 za a sake ganinta.

To ɗauko biro. Misalin da zan yi amfani da shi wanda aka haifa 1 ga Janairu 2000 da ƙarfe 8 na safe, na zaɓi ranar ne don na san rabin abokaina 1 ga Janairu ce a katinsu ko da damina aka haife su.

Ginshiƙin shekara shi ne mafi sauƙi amma nan aka fi faɗawa rami. A BaZi shekara ba ta farawa 1 ga Janairu, ba ta kuma farawa da bikin sabuwar shekarar Sinawa da ake rufe masana'antu kaya su maƙale mana. Tana farawa ne daga Lichun, wato shigowar bazararsu, wajen 4 ga Fabrairu. Duk wanda aka haifa kafin nan shekarar baya za a lissafa masa. Kenan mutuminmu ɗan 1999 ne. Don samun harafin sama duba lambar ƙarshe ta shekarar: 4 Jia, 5 Yi, 6 Bing, 7 Ding, 8 Wu, 9 Ji, 0 Geng, 1 Xin, 2 Ren, 3 Gui. Tara ce, kenan Ji. Don samun dabba cire 4 daga shekarar ka raba da 12 ka duba abin da ya yi saura, in babu saura ɓera ne, 1 sa, 2 damisa, haka har 11 alade. 1999 a cire 4 saura 1995, a raba da 12 saura 3, zomo. Ginshiƙin farko ya fito: Ji Mao.

Wata kuma ba watan da ake gani a sama ba ne, da tafiyar rana suke lissafa shi. Watan damisa yana kamawa wajen 4 ga Fabrairu, zomo wajen 6 ga Maris, dragon 5 ga Afrilu, maciji 6 ga Mayu, doki 6 ga Yuni, akuya 7 ga Yuli, biri 8 ga Agusta, zakara 8 ga Satumba, kare 8 ga Oktoba, alade 7 ga Nuwamba, ɓera 7 ga Disamba, sa 6 ga Janairu. Ranakun nan suna motsawa da kwana ɗaya daga shekara zuwa shekara, don haka wanda ya faɗo a bakin iyaka sai ya duba kalandarsu ta ainihi. Namu yana watan ɓera. Harafin saman watan kuma daga na shekara ake samo shi, suna ce wa ƙa'idar damisa biyar: shekarar Jia ko Ji watan damisa yana farawa da Bing, Yi ko Geng da Wu, Bing ko Xin da Geng, Ding ko Ren da Ren, Wu ko Gui da Jia. Daga nan sai ka yi ta ƙirgawa wata-wata. Shekararmu Ji ce, damisa Bing, zomo Ding, ka ci gaba da yatsa har wata na sha ɗaya wato ɓera, za ka ga an zagayo kan Bing. Ginshiƙi na biyu: Bing Zi.

Rana ita ce mai wahala kuma ita ce uwa uba. Babu wata gajeriyar dabara, kwanaki ne kawai suke ta zagayen 60 ɗin nan ba tsayawa, ba ruwansu da wata ko shekara. Sinawa suna da littafi da suke kira kalandar shekara dubu goma, yanzu kuma duk yana waya, ka sa rana ya ba ka. In kana son taurin kai irin nawa, riƙe cewa 1 ga Janairu 2000 ranar Wu Wu ce, ƙasa a kan doki, sai ka ƙirga kwanaki gaba ko baya zuwa ranarka ka zubar da duk 60 da ta cika, saurar ka taka da ita a jerin biyu. Na taɓa gwadawa baya har 1 ga Oktoba 1949, ranar da aka kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin, kwana 18,354 ne tsakani, sai ga shi ta faɗo daidai kan Jia Zi, farkon zagaye. Kar ka manta da Fabrairu mai kwana 29, ita ke ɓata lissafin.

Sa'a kuma tasu awa bibbiyu ce. Ɓera daga 11 na dare zuwa 1, sa 1 zuwa 3, damisa 3 zuwa 5, zomo 5 zuwa 7, dragon 7 zuwa 9, haka dai har alade 9 zuwa 11 na dare. Nan ne mu Hausawa za mu sha wuya, don in ka tambayi Inna ƙarfe nawa ta haife ka cewa za ta yi bayan an sauko daga asuba ne, ko da hantsi, ko ana kiran magariba, to sai ka yi kintace. Ƙarfe 8 dai dragon ne. Harafin samansa daga na rana ake ciro shi, ƙa'idar ɓera biyar: ranar Jia ko Ji sa'ar ɓera tana farawa da Jia, Yi ko Geng da Bing, Bing ko Xin da Wu, Ding ko Ren da Geng, Wu ko Gui da Ren. Ranarmu Wu ce, kenan ɓera Ren, sa Gui, damisa Jia, zomo Yi, dragon Bing. Shi ke nan, haruffa takwas sun cika: Ji Mao, Bing Zi, Wu Wu, Bing Chen.

Yanzu sai ƙirga sinadarai, don dabbobin ma kowacce da nata. Damisa da zomo itace, maciji da doki wuta, biri da zakara ƙarfe, alade da ɓera ruwa, sauran huɗun wato sa, dragon, akuya da kare duk ƙasa. In ka ƙirga na mutuminmu za ka samu ƙasa uku, wuta uku, itace ɗaya, ruwa ɗaya, ƙarfe ko ɗaya babu. Da ɗan Basine ne, da wuya wata kaka ba ta ce a sa masa suna mai alamar ƙarfe a ciki ba don a cike giɓin, akwai ma wani harafi da ake rubuta zinariya sau uku a cikinsa, don a rubutunsu harafin zinariya da na ƙarfe ɗaya ne, ana karanta shi Xin, za ka gan shi a sunayen mutane da allunan shaguna birjik.

Harafin saman rana shi ne kai kanka, suna ce masa ubangidan rana, duk sauran bakwai ɗin da shi ake auna su. Namu Wu ne, ƙasa namiji, suna kwatanta shi da tsauni. Sai a kawo zagaye biyu. Na haihuwa: itace na ciyar da wuta, wuta ta bar toka ta zama ƙasa, ƙasa ta haifi ƙarfe, ƙarfe ya ba da ruwa, ruwa ya raya itace. Na danniya: itace na tsaga ƙasa, ƙasa ta tare ruwa, ruwa ya kashe wuta, wuta ta narka ƙarfe, ƙarfe ya sare itace. Abin da ya haife ka shi ne gatanka, uwa da ilimi. Abin da ka haifa shi ne basirarka da abin da kake fitarwa. Abin da kake dannewa shi ne dukiyarka, wanda yake danne ka kuma shi ne mulki da ubangida, irinka kuwa ƴan'uwa da abokai ko kishiyoyin kasuwa. Kenan ga mutumin ƙasa ruwa ne kuɗi. Mai duba zai ce wannan yana da gata da yawa ga wuta har uku, amma kuɗinsa ɓera ɗaya ne tak, kuma ɓeran yana zaune kusa da doki, su biyun kuwa abokan gaba ne don suna fuskantar juna in an jera dabbobin a da'ira, duk dabbobin da ke da tazarar shida haka suke, to sai ya ce maka kuɗi za su riƙa shigowa suna fita. Ni kuma na ce wane ɗan kasuwa ne ba haka yake ba? Ka je Kantin Kwari ka tambaya.

Akwai kuma abin da suke kira babbar sa'a, sa'a ta rabo ba ta agogo ba, wato rayuwa ana yanka ta shekara goma-goma, kowace goma da ginshiƙinta, ana farawa daga ginshiƙin wata a yi gaba ko baya. Namiji ɗan shekarar yang da mace ƴar shekarar yin gaba suke yi, sauran baya. Shekarun da za a fara kuwa ana ƙirga kwanaki ne zuwa iyakar watan, kowane kwana uku shekara ɗaya. Mutuminmu in namiji ne baya zai yi don Ji yin ce, daga 1 ga Janairu zuwa 7 ga Disamba kwana 25, kenan yana ɗan shekara takwas da wani abu tasa za ta kama. In mace ce gaba, kwana biyar kacal, ba ta ma cika shekara biyu ba.

Abin da za ka fi cin karo da shi a zahiri ba wannan zurfin ba ne. Za ka ji an ce wane da wane BaZi ɗinsu bai haɗu ba, wato jininsu bai haɗu ba, a da ma sai iyalai sun yi musayar haruffan saurayi da budurwa an kai wa mai duba kafin a sa rana. Ko ka ga mutum da jan zare a hannu ko jar safa shekara guda cur, shekarar dabbarsa ce ta zagayo, wai sai da ja ake kare kai.

In ka ninka 60 da 12 da 60 da 12 za ka samu 518,400, iyakar adadin BaZi da zai yiwu ke nan a duniya, ga mutum sama da biliyan takwas, duk jariran da aka haifa cikin awa biyun nan ɗaya a asibiti ɗaya takardarsu iri ɗaya ce sak. Na faɗa wa mai takalman nan haka, ta ce ai shi ya sa ake haɗawa da duban fuska da na gida, ta ƙara min shayi, sannan ta ce tunda ruwa ya yi min yawa a lissafi in daina neman ragi. Yuan biyu dai ta rage min a kowane takalmi.