Me ya sa tuffar gidanka take zubar da 'ya'ya tun suna ƙanana?

A 'yan shekarun nan gidaje da yawa a Kano sun shiga dashen tuffa a tsakar gida. Mutum ya sayo dashe a bakin titi, ya yi ta hidima da shi, ran da ya ga fure har maƙwabta sai sun sha labari. Bayan makonni kaɗan sai a wayi gari 'ya'yan sun zube a gindi, ko girman magarya ba su wuce ba. Daga nan sai a garzaya shagon maganin feshi. Nan ne nake ganin aka fi yin kuskure, domin sau da yawa ba ciwo ke damun bishiyar ba, wahala ce ta yi mata yawa.

Tuffa baƙuwa ce a wajenmu. Bishiyar ƙasar sanyi ce, shi ya sa ta fi sakewa a Jos da Mambila. Yawancin ire-irenta suna son dogon hutu cikin sanyin da bai haura digiri 7 ba, wanda hunturun Kano bai cika kaiwa can ba. Waɗanda ke iya haƙuri da mu su ne marasa buƙatar sanyi da yawa, irin su Anna da aka samar a Isra'ila da Dorsett Golden ta Bahamas. Wanda ya shuka ƙwallon tuffar da ya sayo a 'Yan Lemo kuwa caca ya yi, don ba lalle ta gado uwarta ba. Ka nemi dashe mai aure, wato wanda aka ɗaura reshen iri mai kyau a kan gindin wani dashen, ka kuma tambayi sunan irin kafin ka biya.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Bishiyar da ta yi fure a ƙarshen hunturu, 'ya'yanta na ɗaurawa ne daidai lokacin da bazara ke kunno kai, zafin Maris da Afrilu yana kaiwa digiri 40. Sai ka ga an bar ta kwana huɗu ba ɗigon ruwa saboda babu wuta a tayar da burtsatse, ran da aka kawo wuta kuma a sakar mata tiyo har gindinta ya zama kududdufi. Bishiyar da ta ji ƙishi, 'ya'yanta take fara saki don ta tsira da ranta, kuma ruwan da ya kwanta yana ruɓar da saiwa. Gyaran shi ne a tsayar da lokaci: da sassafe ko bayan la'asar, a zuba a hankali har ya ratsa ƙasa sosai. Kafin ka ƙara, ka tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ka dakata. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa a kewaye, amma a bar tazarar tafin hannu daga jikin bishiyar, a riƙa dubawa saboda gara. Don Allah kuma, uwargida, a daina juye mata ruwan wanki. Gishirin sabulu yana taruwa a ƙasa ya ƙona saiwa.

Wurin da aka dasa ta ma yana da nasa laifin. Tsakar gidan da aka malale da siminti, ga katanga tana shan ranar yamma, tamkar tanda ce. In ba za a iya sauya mata wuri ba, a fasa simintin a buɗa mata fili, a kare ta daga ranar azahar da raga ko zana.

Akwai kuskuren da ba a cika lura da shi ba: dasa guda ɗaya tilo. Tuffa ta fi riƙe 'ya'ya idan ƙudan zuma ya kawo mata garin furen wani irin daban. Ka tsaga 'ya'yan da suka faɗo ka duba. Tuffa na da ɗakunan ƙwallo 5, in ka tarar da su wayam ko ƙwallo ɗaya tak, to barbarar fure ce ba ta yi ba. Shi ya sa ake haɗa Anna da Dorsett Golden a gida ɗaya, tunda kusan tare suke fure. Wanda kuma ya yi feshin maganin ƙwari furanni na buɗe, ya kashe masu yi masa aikin da hannunsa.

Taki ma a bi shi sannu. Yuriya ko ɗanyen kashin kaji a lokacin fure ganye kawai zai ƙara mata. Ruɓaɓɓen takin gida ya fi.

Abin da ya fi yi wa mutane wuyar karɓa na bar shi ƙarshe. Dashen shekara ɗaya ko biyu bai isa ɗaukar kaya ba, gara ka tsinke 'ya'yan da kanka ya samu ya yi saiwa da rassa. Ko babbar bishiya tana rage wasu da kanta makonni kaɗan bayan fure, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Ka taimaka mata: a kowane curi ka bar ɗaya ko biyu mafi ƙoshi, da tazarar kamar santimita 15 tsakaninsu. Waɗanda suka faɗo kuma a kwashe a binne nesa, kada tsutsa ta samu wurin hayayyafa.